Ciwon da Ba a Faɗa a Gidan Abinci

Faranti huɗu Auta ta ɗauko a lokaci guda, biyu a tafukan hannu, biyu a jere a kan damtse, ta ratsa tsakanin tebura ko ɗigon miya bai zuba ba. Ma'aikatan ofishin jarrabawa su biyar, da ke zaune a teburinsu na kusa da fanka, suka yi mata tafi.

"Kai, Auta! Wannan ai digiri ya kamata a ba ki a kansa," in ji Magatakarda, babbansu, yana gyara zaman tabarau.

"A ba ni mana, Malam. Hatimin ai yana aljihunka."

Suka kwashe da dariya.

Daga ɗakin baya, ta 'yar tagar da ake miƙo kwanukan wanke-wanke, yayar Auta tana kallo. Ita ta koya wa Auta ɗaukar faranti haka, shekara uku da suka wuce, da farantan roba. Wannan zolayar ma da ita Magatakarda ya saba yi. Injiniya ake ce mata, a gida da shago, tun ranar da ta samu gurbin karatun safiyo, wato awon filaye, a kwalejin da ƙofarta ke kallon shagon abincin mahaifiyarsu. Yau kwana goma sha tara ke nan ba ta taka gaban shagon ba.

Ranar jarrabawarta ta ƙarshe a shekarar ƙarshe abin ya faru. Da sassafe tana yanka wa Inna albasa kafin ta tafi, sai ta ji wani wari kamar na roba mai ƙonewa. Abu na gaba da ta sani, tana kwance a siminti, harshenta a fashe, zanenta a jiƙe, Inna na salati a kanta. Kafin ta gane ko wace rana ce, an karɓe takardu a zauren jarrabawa. Bayan kwana huɗu ta sake faɗuwa. Da aka gama gwaje-gwaje, likita ya faɗi sunan ciwon kai tsaye: farfaɗiya.

Ya yi bayani dalla-dalla. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko kwano. Ƙwaya ɗaya safe, ɗaya yamma. Isasshen barci. A nisanci bakin wuta har maganin ya zauna. Sannan ya rubuta takarda zuwa kwaleji, domin doka ta ce wanda ya rasa jarrabawa saboda ciwo za a sake ba shi dama, in ya kai shaidar likita cikin kwana ashirin da ɗaya. In bai kai ba, ya maimaita shekara.

"Likita, ba za ka rubuta zazzaɓi ba?" Inna ta tambaya a lokacin. "Taifot ma ya isa."

"Abin da na gani shi zan rubuta."

Inna ta ninke takardar huɗu, ta sa a gwangwanin madara, ta ɗora a saman kabad. Duk wanda ya tambayi Injiniya a shago, zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Wa'adin zai cika jibi Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana.

* * *

Ɗaki ɗaya suke kwana da Auta, tebur ɗaya suke karatu. Bayan la'asar Injiniya ta buɗe littafinta a shafin da ta tsaya jiya, ta karanta sakin layi ɗaya sau uku. Maganin yana sa kanta nauyi kamar an cusa auduga. Lissafin kusurwa da a da take yi da ka tana juya miya, yanzu sai ta kai tsakiya ta nemi farkon ta rasa.

A ɗaya gefen teburin Auta ta miƙe ƙafa, tana taunar gindin biro, tana juya shafi da sauri. Safiyo take karanta ita ma, aji ɗaya a bayan yayarta, kuma da tsofaffin littattafan rubutun yayar take amfani.

"Yaya, wallahi rubutunki ya fi na malamin fita. Jiya da ya yi tambaya, abin da kika rubuta a gefen shafi na faɗa masa, sai ya ce a tafa min."

"Kin ce masa nawa ne?"

"To ai bai tambaya ba."

Injiniya ta dubi ƙanwarta. Ta dubi hannun da ba ya rawa, da idon da ba ya lumshewa da rana tsaka. Ciki ɗaya suka fito, tukunya ɗaya suka ci. Abin ya zo gidan ya duba su biyun, ya zaɓi wadda ta kusa gamawa. Yanzu Auta ke hawa babur ta je kasuwa. Auta ke tsayawa gaban murhu. Auta na rufe ƙofar banɗaki da sakata, ita kuwa Inna ta ce kada ta ƙara sawa. Ko kofin shan ruwa an ware mata ja, duk da Inna ta rantse ta yarda da maganar likita.

Wayarta ta yi ƙara. Hoto ne a zauren 'yan ajinsu: Dogo, wanda ya karye a filin ƙwallo mako ɗaya kafin jarrabawa, yana zaune da ƙafa a filasta, abokai sun cika ta da rubuce-rubuce. An ba shi ranar sake zama. Mutum arba'in da bakwai sun yi masa sannu.

Ta daɗe tana kallon filastar. Ba ta taɓa zaton za ta yi ƙyashin karaya ba. Ciwo fari tas, wanda ake ɗauka a hoto.

* * *

Ranar Laraba, bayan an rufe shago, ta samu Inna tana tsince wake a tire.

"Inna, gobe ne."

"Na sani."

"Ki ba ni takardar."

Inna ba ta ɗago ba. "Hannun wa za ta shiga?"

"Ofishin jarrabawa."

"Wato hannun Magatakarda. Mutumin da ya yi shekara tara yana cin abincina. Shi ya kawo mutanen ofishinsa, su suka kawo na ɗakin karatu. Kafin la'asar kwalejin nan kaf ta ji. Wa zai ƙara sa cokali a bakinsa a shagon nan?"

"Likita ya ce ba a ɗauka."

"Ni na yarda. Likitan ne zai zo ya cinye min tukunya uku kullum?" Ta watsa tsakuwa gefe. "Ba ki tuna mai shayin bakin titi ba? Ɗansa sau ɗaya ya faɗi a gaban mutane. Ina teburin yake yau? Da shagon nan kuke karatun ku biyun. Shekara ɗaya ce fa, 'yar nan. Ki maimaita a hankali, maganin ya zauna, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani."

Auta, da ke goge cokula a bakin ƙofa, ta sa baki. Da zuciya ɗaya ta yi maganar, wannan ko Injiniya ta sani.

"Yaya, mene ne a ciki? Sai mu zama aji ɗaya. Mu tafi tare, mu dawo tare, in abin ya taso ina kusa. Inda kika manta ma sai in riƙa yi miki bayani."

Injiniya ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta ta zauna. Ta hango ajin. Auta a layin gaba, hannu a sama. Ita a gefenta, babbar yaya mai gyangyaɗi, ana yi mata bayanin abin da ke rubuce da hannunta. Malamai na cewa, "Wace ce yayar a cikinku?"

"Na gode, Malama," ta ce.

"Daga taimako?"

"Na ce na gode."

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. A ganinta magana ta ƙare.

* * *

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Alhamis, Inna da Auta na fama da tukwane, Injiniya ta taka kujera ta sauko da gwangwanin, ta cire takardar, ta mayar da shi. Ta fita ta ƙofar baya, ta tsallaka titi.

Ofishin jarrabawa ɗaki ne mai tebur biyar da kabad na ƙarfe har rufi. Magatakarda ya washe baki.

"A'a, Injiniya da kanta! Zazzaɓin ya sake ki? Kin ga ƙanwarki na neman ƙwace miki kujera."

Ta miƙa masa takardar. Ya warware ta yana murmushi. Ta ga lokacin da idonsa ya kai kan kalmar. Murmushin bai ɓace ba, tsayawa ya yi a inda yake. Ya ajiye takardar a tebur, ya tura ta gefe da murfin biro.

"Allah ya sawwaƙe. Allah ya ba da lafiya." Ya buɗe rajista ya rubuta. "Kin zo a kan lokaci. Ranar sha biyu ga wata za ki zauna, ƙarfe tara. Za mu ba ki ɗaki ke kaɗai, don ki fi sakewa."

"Dogo fa? A ina zai zauna?"

"Shi da sauran suna ƙaramin zaure." Ya buga hatimi a wata 'yar takarda, ya bar ta a bakin tebur don ta ɗauka da kanta. Har ta juya ya ce, cikin muryar da ya so ta fita kamar hira, "Af, wai tun yaushe abin yake? Lokacin da kike zuba mana abinci ma...?"

"Kwana ashirin da ɗaya, Malam. Yana rubuce a nan."

Na'urar buga takardu da ke kusurwa ta yi shiru. Matar da ke kanta ta daina taɓa madannai.

* * *

Ƙarfe ɗaya Auta ta goge teburin kusa da fanka, ta jera kofuna biyar da butar ruwan sanyi. Inna ta ware naman ma'aikata a ƙaramar tukunya kamar kullum, manyan yanka, ta rufe.

Ɗalibai suka shigo, suka ci, suka fita. Ɗaya da rabi ta yi. Auta ta leƙa titi, ta dawo, ta sake leƙawa.

"Ko taro suke yi ne?" ta ce. "Kai, ga su can! Inna, sun wuce fa. Shagon ƙasan titi suka nufa. Malam! Malam!"

Magatakarda ya ɗaga hannu daga nesa, bai rage sauri ba.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu, kafaɗunta a sake, ba wanda zai tafa mata. Ta 'yar tagar Injiniya ta kalle ta, ta ji abin da ya yi mako uku yana matse mata ƙirji ya ɗan sassauta. Ta lura da hakan, ta san sunansa, ba ta ji daɗin sanin ba.

Inna ta shiga ciki. Aka ji ƙarar jan kujera, aka ji an buɗe gwangwani an rufe. Ta fito ba ta dubi kowa ba, ta koma wurin tukwane ta rage wuta.

Wajen ƙarfe uku ta shigo ɗakin baya da faranti. Shinkafa ce, a samanta manyan yankan nama biyar. Ta ajiye a kan littafin da ke buɗe a gaban 'yarta.

"Yaushe za ki zauna?"

"Sha biyu ga wata."

Inna ta gyaɗa kai. Ta goge hannu a gefen zane.

"To ci," ta ce. "Yau akwai da yawa."