Bututun da Ya Daina Hayaƙi

Tagar ɗakin Baba tana kallon bututun hayaƙin masaƙa. A can ya ƙarar da ƙarfinsa yana hura wa tukunyar tururi wuta da baƙin mai, a can kuma ya kwaso tarin da ya kwantar da shi. Yanzu Yaya ne a gurbinsa. Kullum da safe Baba kan ɗaga labule. In ya ga hayaƙi ya san ɗansa na da aiki, sai ya karɓi abinci da magani.

Ranar da hayaƙin ya ɗauke, Baba ya ture kwano. Wai an rufe masaƙa muna ɓoye masa. Yaya ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe: an kashe tukunyar ne, an kawo injin lantarki mai zuƙe zafin ruwan rinin da a da ake zubarwa a kwata, ya ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi cikin aiki. Baba ya juya mana baya. Ya ce da furfurarsa ba za a yi masa wayon yara ba, ina aka taɓa samun zafi babu wuta?

Ni fa haƙuri bai ishe ni ba. Na ce wa Yaya ya bar dogon turanci ya je ya nemo izinin kai Baba masaƙa ya gani da idonsa, tsohon nan zai kashe kansa da yunwa muna zaune muna kallo.

Muka tura shi a keken marasa lafiya har ɗakin tukunya. Bangon da ya bari baƙi ƙirin yanzu fari ne fat. Injin na gefe yana ƙugi a hankali kamar firji. Yaya ya murɗa wani ɗan famfo, tururi ya feso. Baba ya miƙa hannu, ya janye da sauri.

Ya daɗe yana shaƙar iskar ɗakin, yana neman warin da ya sani. Babu shi.

"Ashe ana iyawa ba wuta," in ji shi.

"Yanzu ne ake iyawa, Baba."

Ya dafa ƙirjinsa, muna jin yadda ƙirjin yake kuka kamar tsohuwar ƙofa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Sai ya ɗauke hannun ya ɗora a ƙirjin Yaya.

"To, naka dai ya tsira," ya ce. "Ku mai da ni gida, yunwa nake ji."