Wankan da Inna Sabuwa Ta Ƙi Yi

Da hantsi ne, hadari ya haɗo ta gabas, aka aiko wa Inna Sabuwa cewa Hajaratu ta rasu, marainiyar nan da ke hannun Sajo, ƙanin babanta. Wai zazzaɓi. Inna ce mai wankan gawar mata a Dugabau, sai ta yafa mayafi ta tafi.

An ɗumama ruwa, an kawo magarya. Tana yaye zanen sai hannunta ya tsaya. Shatin igiya ne a wuyan hannu da idon sawu, har ya ci nama. Baya kuwa duk bulala, wata ta warke, wata ɗanya. A bakin ƙofa Badi'a, ƙanwar mamaciyar, tana tsugune, ta cusa hannuwanta cikin riga.

Inna ta mayar da zanen, ta je ƙofar zaure inda maza suke.

"Malam Uwaisu, ni dai ba zan yi wankan nan ba sai hukuma ta gani."

Malam Uwaisu, limamin garin, ya ce, "Haba Inna, an gama kabari, ga ruwa na tafe."

Sajo ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Fitsarin kwance take yi, horo ne kawai. Ki rufa mini asiri."

"Asirin mamaci nake rufewa, Sajo, ba naka ba. Akwai wata cikin gidan nan da ranta."

Sai Liman ya tura wa dagaci saƙo. Lokacin wahalar mai ce, sai a keke Mudi, maƙwabcin Sajo, ya tafi Kabo kiran 'yan sanda. Ruwa ya sauko ya cika kabarin, mutane na ta gunaguni. Inna dai tana zaune gefen gawar tana jan carbi, ko gezau.

Bayan azahar 'yan sanda suka iso da wata ma'aikaciyar asibiti. Suka duba Hajaratu, suka duba hannuwan Badi'a, suka tafi da Sajo. Washegari Inna ta yi wankan da hannunta, a tsanake, kamar yadda ta saba.

Shekarar ce aka fara shari'ar Musulunci a Kano. Alƙali ya danƙa Badi'a ga kakarta ta wajen uwa a Garo. Har yau in maganar ta taso, mutanen Dugabau sai su ce, "Ai tsohuwarmu ce ta tsaya."

Ranar tafiyar Badi'a ana yayyafi. Inna ta ga yarinyar a bayan mashin ba ko ɗankwali. Ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta soke bakinsa da kyau. Mashin ya tashi, ita kuma ta koma gida.