Daktan Gyaɗi-Gyaɗi

Alhaji Ashiru mai tayil rabonsa da aji tun sakandare. Amma da ya je wani otal a tsallaken iyaka, aka yafa masa doguwar riga, aka kifa masa hula mai tuntu, sai ga shi ya dawo gida Dakta. Wata jami'a ce ta ba shi digirin girmamawa, jami'ar da shi kansa bai taɓa ganin ko katangarta ba. Aka yi walima a unguwarsu ta Gyaɗi-Gyaɗi, aka kira mai fenti ya rangaɗa sunan baro-baro a ƙofar gida.

'Yarsa Hafsah, wadda ke koyarwa a wata kwaleji, ta same shi a falo ta sassauta murya.

"Baba, hukuma fa ba ta san da makarantar nan ba. Kuma ko ta sani, digirin girmamawa ba a sa shi a gaban suna."

"Ke kika ba ni?" in ji shi. "Waɗanda suka ba ni sun fi ki boko."

Ai kuwa sunan ya bi shi, daga masallaci har kasuwa. Wanda ya fi kowa riƙe shi da gaske shi ne Garba, wani ɗan adaidaita sahu da bai daɗe da barin ƙauye ba, mai yi wa Alhaji jigilar kaya. A wurin Garba, dakta dakta ne. Ya taɓa kawo kukan ciwon kai, Alhaji ya ce ya yawaita shan ruwa, aka yi dace ya warke. Alhaji ya gane sarai inda mutumin ya dosa, bai gyara masa ba, don abin ya yi masa daɗi.

Ran nan bayan la'asar, majalisa ta cika a ƙofar gidan, sai ga Garba ya taka birki har da ƙura. A baya matarsa Asabe ce da tsohon ciki, tana jijjiga, wata maƙwabciya ta rirriƙe ta.

"Dakta, ka taimake ni! Tun daga Darmanawa ake cewa in wuce asibiti, na ce a'a, ga namu."

Magana ɗaya ce ta kamaci Alhaji a lokacin, ya kuma san ta. Amma idon majalisa na kansa, har wani yana cewa a matsa a ba Dakta wuri. Sai ya naɗe hannun riga, ya kama hannun matar yadda yake gani a talabijin. Ya tambayi abin da ta ci. Ya sa a kawo ruwa a yayyafa mata. Zufa na keto masa, matar kuwa sai ƙara sanƙarewa take.

Hayaniya ta fito da Hafsah. Ta dubi matar, ta dubi mahaifinta.

"Baba," ta ce. Ta miƙa masa makullin mota.

A hanya, kan Asabe na cinyar mijinta, Garba ya ce, "Dakta, in mun je kai za ka shiga da ita, ko? Ban yarda da kowa ba."

Kunya ta kama Alhaji a kan sitiyari.

"Garba, ni ba likita ba ne. Suna ne kawai."

Da suka isa asibiti, aka shige da Asabe ciki.

Sun daɗe a benci, ba mai kallon wani, kafin wata likita ta fito, yarinya sa'ar Hafsah.

"Kai ne mijinta? Uwar dai muna sa rai. Abin da ke cikin kuma sai addu'a. Malam, me ya tsayar da ku haka?"

"Wajen wani dakta muka fara biyawa," in ji Garba.

"Wane dakta ne zai ga mace a wannan hali ya riƙe ta? Wa ye shi?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, yana jiran a nuna shi. Wallahi da an nuna shi ɗin, ko an ci kwalarsa a gaban jama'a, da ya fi samun sauƙi. Garba ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya ga likitar.

"Ba mu same shi ba, ranki ya daɗe."