Furen Bakin Taga

Sati na biyu ke nan da zafin ya sauka a garin, irin zafin da ko fanka ta juya, hucin wuta take kawowa. Ɗakinsu kuwa shi ne na can saman bene, kwano kaɗai ya raba su da rana.

Mai ɗinki ce, ita kaɗai ke jinyar mahaifinta tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Banɗaki yana ƙarshen baranda, duk zuwa sai ta tallabe shi. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai takan dafe ƙugu in ta zaci ba ya kallo. Shi kuwa tsoho, ƙafarsa ce ta mutu, idonsa ras yake.

Kullum rediyo maganarsa ɗaya: a ba tsofaffi ruwa, mutane na ta faɗuwa. Sai ta riƙa cika masa jug ta ajiye a bakin taga, kusa da tukunyar furen da marigayiya Mama ta bari. Kafin ta gama riga ɗaya a falo, jug ya koma wayam.

"Baba, har ka shanye? Kai, ka fi raƙumi!"

"To ya zan yi, 'yar nan, tunda mun yi likita a gida," in ji shi, yana murmushi da busassun leɓɓa.

Ta lura bai cika neman banɗaki ba kwana biyun nan. Ta ce ai gumi ne ke kwashe ruwan.

Ranar Laraba da rana tsaka ta same shi yana sambatu, jiki zafi rau, ko ɗigon gumi babu. Asibiti cike maƙil, har a ƙasa an kwantar da mutane. Kafin yamma rai ya yi halinsa.

"Ƙodarsa ce ta tsaya," in ji likita. "Ya yi kwanaki bai sha ruwan kirki ba."

"Wallahi likita, jug uku yake sha kullum! Da hannuna nake cikawa."

Likitan ya wuce, ana kiransa a wani gadon.

Bayan an kai shi makwanci, ta shiga naɗe shimfiɗarsa. Shukokin maƙwabta duk sun ƙone ƙurmus a baranda, amma furen Mama kore shar, har da sabon toho. Ta sa yatsa a tukunyar. Ƙasar jagab take, ruwa ya taru a farantin da ke ƙarƙashi.

Nan ta gane. Nan yake juye ruwan, don kada ta ɗaga shi zuwa banɗaki.

Ta zauna a bakin gadon, kuka ya ƙwace mata. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a satin nan bayanta ya daina ciwo, har godiya ta yi wa Allah.