Rumbun Ƙarfe

Shekara biyu da samun mulkin kai aka yi shela a kasuwar Kudan cewa ofishin majigi na neman mutum ɗaya daga wannan yanki, a kai shi Kaduna a koya masa shirya fim. Mutum ɗaya tak. Tun da Uwaisu na Likoro ya ji, abinci ya daina yi masa daɗi.

Uwaisu ya yi firamare, amma da zayyanar allo aka san shi. Duk mai sauka daga Likoro har Gazara, wajensa ake kai allo. Mahaifinsa Malam Sada kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da shi, gonar dawa tana wuyan Uwaisu, ga damina biyu ruwa yana ɗaukewa da wuri. Da Uwaisu ya gaya masa niyyarsa, tsohon bai hana shi ba.

"Je ka gwada, Allah ya ba da sa'a," in ji shi. Bai ambaci gona ba, abin da ya fi damun Uwaisu ke nan.

A wani aji a Makarfi aka yi jarrabawar, su goma sha bakwai. Mai jarrabawar, Malam Sa'idu, ya raba doguwar takarda mai gida shida a jere.

"Kun ji a rediyo an fara harba mutum sama," in ji shi. "Ku zana mini farkon fim a kan irin wannan tafiya. Kowane gida, abin da ido zai gani a farin ƙyalle. Ku sa lamba. Awa ɗaya."

Rabin awa ya wuce Uwaisu bai ja ko layi ba, sai gumi. Ina shi ina jirgin sama jannati, mutumin da ko jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba? Da tsoro ya kai masa iyaka, sai hannu ya kama aikinsa. Ya zana gonar dawa kore shar, da tsoho a bakinta. Gida na biyu gonar ta bushe. Na uku mutane ne da damman iri a ƙofar wani rumbun ƙarfe. Na huɗu rumbun a sama, wuta a ƙarƙashinsa. Na biyar ya zama ɗan ɗigo. Na shida duhu, sai taurari. Yana cike duhun aka karɓe takarda.

Suna jiran kira a gindin ɗorawa, wani Lado na Ikara, mai baki kamar sankira, yana zana nasa a ƙasa da tsinke. Uwaisu ya ga daga hagu ya fara. Nan take ya tuna da tasa takardar. Shi daga dama ya fara, yadda ake fara allo, kuma ko lamba ɗaya bai sa ba. Shi ke nan, Malam Sa'idu zai karanta labarin daga wutsiya! Ya yi salati, ya so ya sulale ya kama hanyar tasha, amma ya tsaya jiran kiran.

Shi aka kira ƙarshe. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Takardarsa ce shimfiɗe a tebur.

"Malam Uwaisu, kowa da ƙasa ya fara, kai kaɗai ka fara da duhu," in ji Malam Sa'idu, yatsansa a gidan hagu. "Taurari. Ga wani ɗigo yana tahowa. Ashe rumbu ne, ya sauko a kan wuta. Baƙi sun fito da iri. Sun tarar da ƙasa busasshiya. Sai ga ta kore shar, tsoho yana kallo. Wannan in aka haska shi a dandali, mutanenmu za su yi kuka. Sai dai ba ka sa lamba ba, in babu ita kuwa ba zan iya ba da maki ba."

Ya miƙo fensir.

Uwaisu ya karɓa. Labarin da ya zana na masu gudu ne, su bar tsoho a baya. Wanda aka yaba na masu kawo ɗauki ne, kuma ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. In ya sa ɗaya a dama, ya faɗi gaskiya ya koma Likoro. Ya dubi tsohon da ya zana. Sai yanzu ya lura har sandar Malam Sada ya sa masa.

Ya sa ɗaya a hagu.

"Madalla," in ji Malam Sa'idu. "Ranar Litinin a Kaduna."

Ya isa gida bayan la'asar, ya tarar da mahaifinsa a zaure.

"Na ci, Baba. Ranar Litinin ake nemana a Kaduna."

"Alhamdu lillahi. Me ka zana musu?"

Kunya ta rufe Uwaisu. "Wasu ne suka zo daga nesa da iri, gona ta farfaɗo."

Tsohon ya yi murmushi, ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. "Labari mai kyau. Kafin Litinin ɗin, ka nuna mini inda ka ajiye fartanya."