Sakan Tara na Leszek

Shekara ashirin Bogumila ta yi tana yanka fim tana haɗawa a wani ɗaki marar taga a birnin Lodz. Ta yanke sumba, ta yanke limamin coci, ta yanke layin masu jiran nama, duk bisa umarni, ko gezau. Ranar Talatar nan kuwa wanda za ta yanke daban ne.

Ɗanta Leszek ne. Bara ya shiga cikin taron da aka ɗauka a fim a tashar jirgin ƙasa, sakan tara kacal, yana dariya, sanye da hular ubansa. Wata uku bayan nan ya faɗa jirgin ruwa ya tsere Suwidin. Wanda ya tsere kuwa ba a nuna fuskarsa a majigi. Hotunansa na gida ma an zo an kwashe tas.

Pan Zenon, wato Malam Zenon, mutumin hukuma, ya zauna bakin ƙofa da shayinsa a kofin gilashi, ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Pani Bogumila, kada ki ɗauke ni mugu. Ni ma aiko ni aka yi."

"Kowa a ƙasar nan aiko shi aka yi, Pan Zenon. Mai aiken ne ba a taɓa gani."

"Kai, bakin nan naki! Yanke mu tashi. Mita huɗu da ɗoriya, zan auna."

Ta san zai auna, ta kuma san abin da bai sani ba. Duk inda aka kankare aka shafa gam, hoto guda yakan salwanta, ba mai tambayarsa. Ta sa almakashi, ta bar guda ya zame cikin farar safar hannunta. Ba ta samu zaɓa ba, idon mutumin na kanta. Ya auna, ya naɗe ɗanta a gwangwani, har da yi mata godiya. Ta tsane shi, ta fi tsanar hannunta da bai kuskure ba.

A tarago kan hanyar gida ba ta buɗe tafin hannun ba. Sai da ta hau bene, ta kulle ƙofa, ta ɗaga ɗan hoton a hasken taga.

Hoton ƙarshe ne. Leszek ya riga ya juya baya, hular kawai ake gani da kafaɗarsa, ya nufi jirgi.