Kifin Yaya Ya Sake Kama

Da aka sallamo Yaya daga asibitin masu taɓin hankali, ƙanwarsa ce ta ɗauke shi. Tela ce, a falon gida take ɗinkinta. Ta kwashe ragowar yaduka daga ɗakin baya, ta sa masa katifa da kujera. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa kula da shi, zaman kawai ba zai yi masa kyau ba. Sai ga mijinta, wanda makanike ne, ya shigo da akwatin gilashi da ɗan kifi a leda, irin wanda ake kira oska.

Kifin bai wuce tsawon yatsa ba. Baƙi ne, ga farin zane a karkace ko'ina a jikinsa kamar an bi shi da alli, ga ɗige-ɗige a ka. Yaya ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Shi ke canza ruwa, shi ke goge gilashi, shi ke duba ɗan injin da ke hura kumfa. Kifin ma ya san shi, da ya shigo sai ya taso yana kaɗa jela. Autar gidan, 'yar firamare, takan zauna a cinyar kawunta tana bin zanen da yatsa ta bayan gilashi.

"Ka ga ɗan gata," in ji makanike. "Ni ko sannu ba ya yi mini, alhali ni na kawo shi."

Yaya ya yi dariya, rabon da tela ta ji dariyarsa har ta manta.

Kifin akwai ci. Cikin 'yan watanni ya kai tafin hannu, ya yi kauri, leɓensa ya turo. Farin zanen ya fara dusashewa, wani ja-ja kamar tsatsa ya ɓullo a gefen ciki. A gindin jela kuma wani baƙin tabo ya fito, jan zobe ya kewaye shi, sak ido.

Wata safiya tela ta kai wa Yaya shayi, ta same shi tsaye ya juya wa ƙofa baya.

"Wa ya shiga ɗakin nan?"

"Babu kowa, Yaya."

"To wannan ba nawa ba ne. Nawa mai fari ne. Wannan ta baya ma kallona yake."

Ta yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Ta san muryar nan tun kafin a kai shi asibiti, a hankali take fita, babu faɗa a cikinta.

Ta lallaɓa shi suka je shagon da aka sayo kifin. Mai shagon ya nuna musu ƙanana masu farin zane, ya nuna matsakaita, sannan wani ƙato mai jan dabbare-dabbare da ido a jela.

"Duk iri ɗaya ne," in ji shi. "Zanen yarinta ne, in sun girma sai ya tafi, ja ya zo. Ko ransu ne ya ɓaci ma sukan koɗe, anjima su dawo."

Yaya ya saurara da kyau, har da godiya. Sai a hanya ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Ya iya bayani. Sun koya masa."

Daga ranar ya daina ba kifin abinci, sai tela ce ke fakar idonsa ta zuba. Ya yafa wa akwatin zani. In makanike ya gaishe shi, sai ya daɗe yana duban fuskarsa kafin ya amsa. Ta ce wa mijin su koma wurin likita, ya ce ta bari ƙarshen mako ya zo, aiki ya yi masa yawa a gareji.

Ƙarshen makon bai zo ba. Da rana tana kan keke tana haɗa hannun riga, ta ɗaga ƙafa don ta sake zare, sai ta ji gidan tsit. Ƙarar injin kumfa ta ɗauke. Auta kuma ta dawo daga makaranta, ko motsinta babu.

Ta tura ƙofar ɗakin baya. Kifin na kwance a kan tebur, bakinsa na buɗewa yana rufewa, an kankare ɓawon gefensa da cokali. Cokalin na hannun Yaya na dama, na hagu kuma yana riƙe da wuyan hannun Auta.

"Na duba, babu farin a ƙasa," in ji shi. "Wannan ma ki dube ta. Tamu haƙoranta cikakku ne, wannan giɓi gare ta."

"Famfara take yi, Yaya. Sababbi za su fito."

"Haka za ki ce."

Ta daidaita murya. "Gaskiyarka. Bari in mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ba ni ita."

Ya ƙare mata kallo, sannan ya saki hannun a hankali. Ta fita da yarinyar ba tare da ta yi gudu ba, ta miƙa ta gidan maƙwabta, ta buga wa mijinta waya.

Yaya bai yi gardama ba. Ya sa takalminsa, ya shiga mota, yana ce musu "ranku ya daɗe" kamar baƙi. A asibiti, da likita ya tambaye shi batun maganinsa, ya ce ya daɗe da daina karɓar abu daga hannun mutanen da bai sani ba. Ma'aikaciyar jinya ta nuna tela ta ce wace ce wannan.

"Tana da kirki," in ji shi. "Don Allah ku tambaye ta ina ƙanwata."

Aka ba shi gado. Likita ya ce in ya koma kan magani za a ga sauƙi, sai dai ba zai yi alkawarin yaushe ba.

Tela da mijinta suka juyo a mota. Sai da suka kusa gida makanike ya ce, "In sun sallame shi fa?"

Ta dubi titi. "Yayana ne. Ina zai je?"

Ya gyaɗa kai.

"Amma ka tsaya wurin kafinta," ta ce. "A sa wa ɗakin Auta sakata ta ciki."